Babur Mai Rarrafe

Litinin, 1 ga Satumba

Bari in fara da abin da ba mai musa mini shi.

Shagon nan ni na gina shi. Ni na ɗora bulo, ni na zuba simintin ƙasa, ni na kafa ƙarafan rumfa da hannuna. Ba wanda ya taɓa ba ni ko sifana ɗaya kyauta. A aji uku na sakandare na tsaya, amma littafin gyaran manyan babura, na Turanci, mai kauri kamar bulo, sai da na karance shi da ƙamus a gefe har bangonsa ya rabu biyu. Gidan da muke ciki ni na sayi filinsa. 'Ya'ya huɗu na kai makaranta, babu wanda aka taɓa koro mini. A garin nan duk mai babban babur, irin masu nauyin bijimin nan, ƙofata yake zuwa, don sauran makanikai ƙananan babura suka iya, su ma da ƙyar. Yaran shago ba sa daɗewa a wurina, ban kuma taɓa jin rashinsu ba. Shekara kusan talatin, aiki bai taɓa fita daga hannuna ya dawo ba.

Kuma na riƙe wana. Wannan ma a sa a ciki. Yaya, wanda unguwa ke kira Dogo, Allah ya jiƙansa, bai taɓa riƙe sana'a ta kai shekara ba. Ya gwada ɗinki, ya gwada gadi, ya gwada sayar da takalma. A ƙarshe ya zo ya zauna a bencin shagona, bai sake tashi ba sai da ciwo ya tashe shi bana. Aikinsa zama. In an kawo babur ya turo shi ciki, in zan duba mai ya hau ya zauna. Iyakarta ke nan.

Ba don na rasa abokin hira nake wannan rubutu ba. Shagon ne dai ya yi shiru da yawa, rediyon kuma Yaya ne ya san inda ake bugunta ta kama.

Laraba, 3 ga Satumba

Likitan dabbobi ya kawo nasa, baƙin nan mai jakunkunan fata, a canza man akwatin sarƙa. Shi ne irin wannan aiki na farko da ya shigo tun rasuwar. Mutum ne mai jiki da fara'a, kullum warin maganin shanu yake, da babur ɗin yake zaga gonaki. Ashe ya yi tafiya, bai ji ba. Yana kashe inji ya waiga wajen benci ya ce, ina Dogo, yau kuma an makara? Na faɗa masa. Ya cire hular kwano ya rungume ta, ya tsaya a wurin. Ni na gaji da tsayuwar na ce ya kawo makulli.

Aikin ba wuya ga wanda ya sani. Irin waɗannan babura, a gefen hagu suna da akwatin ƙarfe, cikinsa sarƙa ce da ke ɗauko ƙarfin inji ta kai wa kuloci. Mansa daban, bai haɗa da na inji ba, kuma ba shi da sandar awo. Murfi ne zagayayye kamar faranti, ka kwance shi ka haska tocila ka leƙa. Man ya zo ya taɓi leɓen ƙasa na farantin kuloci. Ya taɓa kawai. In ya gaza, sarƙa ta bushe ta ci kanta. In ya wuce, kuloci ya jiƙe ya riƙa liƙewa. Wasu da kofin awo suke zubawa. Ni ba mai sayar da kananzir ba ne, idona ne kofina.

Sharaɗi ɗaya ne: sai babur yana tsaye cak, ba a kan ƙafarsa ta gefe ba, su kuwa ba su da ƙafar tsakiya. Da Yaya ke hawa, tunda yana nan ba ya komai. Yau na cusa gungumen katako a ƙarƙashi, na jingina kafaɗar babur ɗin ta dama da ƙarfen rumfa, na ja da baya na duba. Tsaye sak. Ashe katako ma ya iya aikin, kuma ba ya shan shayi.

Bai kamata in rubuta wannan ba. Na bar shi dai.

Abu ɗaya. Da in ya zauna yakan yi shiru, ya ɗan motsa jiki, sannan ya ce, “Auta, ya saki.” Shi kaɗai ne a duniya ke kirana Auta a gaban kwastoma. Sai in leƙa. Ban taɓa tambayarsa mene ne ya saki ba, na ɗauka irin maganganunsa ne. Yau na tsuguna da tocila a hannu ina jira. Sai da gwiwata ta fara ciwo na tuna abin da nake jira.

Asabar, 6 ga Satumba

Aiki ya dawo.

Na rubuta shi a layi guda don in ga yadda yake a takarda. Ba kyau.

Likita da dariya ya shigo. Wai babur ɗinsa ya koyi rarrafe. In ya tsaya a danja ya matse kuloci har ƙarshe, sai abin ya riƙa tafiya a hankali da kansa, giyar firi kuma ta ƙi shiga sai ya kashe inji. “Injiniya, na saba da dabbar da ba ta jin magana, amma waccan ina da allurarta.”

Tun bai rufe baki ba na san ciwon: mai ya yi yawa. Na ji haushin kaina. Na jingina shi, na kwance murfi, na haska. Man yana nan daidai leɓen faranti inda na bar shi, ko da kaurin gashi bai wuce ba. To ba mai ba ne. Na ƙara ɗaure wayar kuloci, na hau in gwada.

Ga abin da ban faɗa masa ba. Na matse kuloci, na sa giya, na sauke ƙafa. Babur ya ɗan tsaya. Sannan aka tura ni. Ba fizga ba, fizgar kuloci na san ta. Turi ne mai laushi daga baya, na wanda ya ɗora tafin hannu a ƙarfen bayan sirdi kuma ba ya sauri. Haka Yaya ke shigo da babur, kamar yana tsallakar da tsohuwa titi.

Na waiga. Mai Faci, maƙwabcina, yana tsaye da tiyub a hannu yana kallona. Ya ce, ka yar da wani abu ne? Na ce taya nake dubawa. Ya ce ai taya tasa ce, in akwai matsala in yi magana.

Talata, 9 ga Satumba

Na zazzage kulocin gaba ɗaya. Farantai na ɗora su ɗaya bayan ɗaya a kan gilashi, babu wanda ya lanƙwashe. Sifirin da ke danne su lafiya. Na wanke komai da fetur, na shanya, na mayar, na jingina babur ɗin na zuba sabon mai har ya taɓa leɓe. Na zaga da shi bayan layi, ya tsaya inda na ce ya tsaya. Likita ya zo ya ɗauka da yamma.

Na ce masa datti ne. Wataƙila datti ne.

Laraba, 10 ga Satumba

Mai shayi ya manta ya kawo kofi biyu. Na shanye duka don kada ya tuna ya fara ba ni haƙuri.

Juma'a, 12 ga Satumba

Yau Likita bai yi dariya ba.

A mararrabar kasuwa ya tsaya, kuloci a matse, yana kallon dama. Tirela na wucewa ta gabansa. Babur ɗin ya rarrafa. Kafin ya ankara ya taka birki, bayan tirelar ya share murfin tayar gaba ya tafi da shi. Ya ce da an ƙara taƙi ɗaya da yanzu matarsa ake yi wa gaisuwa. Yana faɗa yana goge hannu a wando, hannun ba abin da ya taɓa.

Ya ce akwai wani gareji a babban birni, suna da na'ura. Wani abokinsa mai a-kori-kura zai tafi can Asabar ta sama, zai ɗora masa shi. “Ba raina ka na yi ba, Injiniya. Ina da yara ƙanana.”

Ban ga laifinsa ba. Amma na hango abin: babur daga ƙofata a bayan mota, ɗaure da igiya kamar ɓarawo, layin nan kaf na kallo. Na ce ya bar mini shi zuwa ranar. Na ce in ya fita daga shagon nan ba da ƙafarsa ba, a ranar zan sa kwaɗo, ba zan sake buɗewa ba. A gaban Mai Faci na faɗa, da mai shayi, da wasu biyu masu jiran iska. Zuwa la'asar har mai sayar da ƙusa na ƙarshen layi ya ji.

Ba barazana na yi ba. Makanikin da aikinsa ya kusa kashe mutum kuma bai san dalili ba, me zai buɗe ya yi?

Asabar, 13 ga Satumba

Ni da shi kaɗai yau. Na tayar, na bar shi ya yi zafi, na hau.

Kullum ƙofa yake nufa, wajen titi. Sai na ce bari in gani. Na juya shi, na sa fuskarsa ciki. Na matse kuloci. Aka tura ni a hankali, a hankali, har taya ta taɓa ƙafar benci.

Na sani. Babur duk inda ka juya shi nan zai nufa, ba sai an yi sakandare ba. Na sani sarai. Amma na kashe injin na fito waje na tsaya a rana, kuma ban koma ciki ba sai da wani ya kawo gyaran fitila.

Lahadi, 14 ga Satumba

Na yi kuskuren faɗa wa uwar yara. Tana ninke kaya ta saurare ni har ƙarshe, ba ta ɗago ba. Ta ce, “Baban yara, Yaya da ransa ma sai ka yi magana sau uku yake tashi ya tura. Yanzu da ya samu hutu ne zai dawo aiki ba a kira shi ba?”

Na yi dariya, ita ma ta yi. Daga baya ta ce ita abin da ta gani, tun ranar da aka kai shi ban zauna ba. Kowa ya yi kukansa ya huta, ni ina ta ba da umarni, a kawo tabarma, a kai ruwa. Ta ce abin da mutum ya ƙi saukewa, shi ne ke bin sa a baya. Na ce ita ta san kuloci ne? Ta ce a'a, ni ta sani.

Ta ce in nemi wani ya riƙa zama da ni a shago, ko don hira. Na ce shago ba wurin hira ba ne.

Litinin, 15 ga Satumba

Na canza wayar kuloci sabuwa. Na canza hannun. Na sake leƙa mai, daidai. Rarrafe na nan.

Abin da ke damuna, kuma ban faɗa wa uwar yara ba: maganar ƙarshe mai kan gado da Yaya ya yi mini, kan wannan babur ɗin ce. A asibiti, da rana, na kai masa ruwan zafi. Ya rame har ƙafafun nan nasa sun zama kamar sanduna, sun wuce ƙarshen gado, ma'aikatan sun sa masa kujera ya ɗora. Ya buɗe ido ya ce, na Likita ya zo? Na ce wane Likita, ga likitoci nan cike da ɗaki. Ya ce, “Na shanu. Man akwatinsa ya kusa.”

Na ɗauka zafin ciwo ne. Mutumin da ban taɓa gani ya kalli mitar babur ba, ina ya san lokacin man wani? Amma ya yi daidai. Likita da ya zo, lokacin ne cif.

Me ya sa wannan, duk cikin baburan garin nan?

Talata, 16 ga Satumba

Na sha faɗa wa yarana ni na koya wa kaina keke. Haka ne kuwa. Amma yau ina zaune a kan babur ɗin Likita aka tura ni, sai na ji ƙarar silifas a bayana, fat fat fat, wani dogon yaro yana gudu yana haki, hannunsa a ƙarƙashin sirdi, ni kuma ina masa tsawa ya bar ni, na iya. Ban san wannan yana cikin kaina ba. Ban san inda ya ɓuya shekara hamsin ba.

Na ji bakina ya ce, “Yaya, me kake so?”

Mai Faci yana bakin ƙofa, ya zo aron filaya. Na laluba aljihu na ciro waya na kara a kunne, alhali ya riga ya gani. Ya ɗauki filayar. Har ya juya ya ce, Injiniya, in kana son hannu ina nan, yau kasuwa ba ta ci. Na ce faci daban, inji daban. Ya ce gaskiya ne, shi iska kawai ya sani, amma iskar ce ke ɗauke da ku duka. Ya tafi.

Mutumin ba shi da laifi. Surutu ne dai.

Laraba, 17 ga Satumba

Na fara duba wa zan bar wa kayan aiki. Babban ɗana ofis yake, bai san sifana goma daga sha biyu ba.

Alhamis, 18 ga Satumba

Zan rubuta wannan a tsanake, yadda ya faru.

Da hantsi na jingina babur ɗin a ƙarfen rumfa, katako a ƙasa, na kwance murfin. Ba don ina tsammanin komai ba, hannuna ne ba ya iya zama. Na tsuguna ina haskawa. Mai daidai leɓe, kamar yana mini dariya.

Likita ya shigo ya faɗa mini mai motar zai zo jibi da safe, in cire masa jakunkuna. Yana cikin magana wayarsa ta yi ƙara. Wani manomi ne, saniyarsa ta kasa haihuwa. Likita ya shiga tambaya, tun yaushe, ƙafa ce ta fito ko kai, kada ku ja. Mutum in hankalinsa ya tafi, jikinsa abin da ya saba yake yi. Ya ɗaga ƙafa ya haye babur ɗinsa ya zauna, ya janyo shi daga jikin ƙarfen, ya miƙar da shi tsakanin cinyoyinsa, yana ta magana.

Mai ya kwararo daga ramin. Ya bi hannuna, ya bi tocila, ya sauka a gwiwata. Bai tsaya ba. Ina kallo ya yi kududdufi a simintin, ya fara neman hanyar kwata.

Likita ya leƙo ya toshe wayar da hannu, ya ce ayya, ya ɓata mini aiki, bari ya sauka.

Na ce, “Kada ka motsa.”

Ban san da wace murya na faɗa ba. Bai motsa ba, har wayar ya kashe.

Duk lokacin da na jingina shi ta dama, man guduwa yake can ciki, nesa da ramin. Ni kuma in ga ya gaza in ƙara, har ya zo leɓe. Sau biyu na cika shi har wuya, sau nawa na leƙa na rantse daidai ne. Karkatar ba ta kai a gani ba. Na ja da baya na duba da idon nan nawa, na ce tsaye yake.

To amma ba a gama ba. Likita yana riƙe, man yana hawa yana sauka a bakin ramin kamar numfashi. Ya ce, haka? Na ce dama kaɗan. Haka? Hagu kaɗan. Ina duba shi da ido, idon da ya riga ya yaudare ni. Ya fara gumi, ya ce babur ɗin nan fa nauyi gare shi, Dogo ya yake yi ya zauna kamar yana kan kujerar aski?

Na ce ya sauka.

Na hau. Ni gajere ne, kan yatsu nake taɓa ƙasa. Na hau baburan nan dubu, amma don in tafi, ko in riƙe su da ƙarfi kada su faɗi. Ban taɓa hawa don in zauna ba. Na kai shi dama, ya danne mini ƙafar dama. Na kai shi hagu, ya danne ta hagu. Na rage, na rage. Sai ga wani wuri a tsakiya, siriri kamar bakin reza, inda nauyin ya ɓace. Gaba ɗaya. Abu mai nauyin bijimi, na ɗage tafin hannu na bar yatsa biyu a kan kambu, yana tsaye shi kaɗai, bai jingina da ni ba, ban jingina da shi ba.

Ya saki.

Na zauna a wurin. In na yi numfashi da ƙarfi sai ya kuɓuce, sai na sake nemo shi. Shi ya sa yake yin shiru. Ni a zatona gyangyaɗi yake.

Daga nan sama na sunkuya in ga ramin. Ba a ganinsa. Tanki ya tare, kuma ina sunkuyawa nauyi ya dawo.

Na sauka na ce wa Likita ya sake hawa. Na ce ya manta da ni, ya manta da ido, ya nemi inda zai daina yi masa nauyi, in ya samu ya faɗa. Ya ɗan jima yana lilo. Can ya ce, “Kai. Kamar babu shi.” Na leƙa. Har lokacin man ya haura faranti da kusan faɗin yatsa.

Da sirinjin shanunsa muka zuƙe, babbar nan ta ƙarfe, ya ciro daga jaka. Ya ce yau ta ga abin da ba ta taɓa gani ba. Na zuƙa, na jira, na leƙa, na zuƙa, har man ya koma yana taɓa leɓe da ƙyar. Na rufe. Na zaga da shi har bayan kasuwa don faranten su yar da abin da suka sha, na dawo ƙofar shago.

Firi ta shiga da taɓawa ɗaya. Na matse kuloci, na sa giya, na sauke ƙafa.

Ya tsaya.

Na ci gaba da riƙewa. Inji na bugawa a ƙarƙashina, titi na wucewa, babur ɗin ko motsi. Na daɗe a haka. Likita ya ɗauka gwaji nake, yana ta cewa madalla, madalla, Injiniya ya dawo. Ni kuwa bayana nake saurare.

Ba wanda ya tura.

Ya karɓi makulli ya tafi wajen saniyarsa. Na zuba ƙasa a kan man da ya zube, na ja ƙofa na rufe daga ciki, da rana tsaka. Abin da na yi a ciki ba na takarda ba ne.

Juma'a, 19 ga Satumba

Abin da aka jingina dole ya karkata, in ba haka ba da me ya jingina? Ɗan firamare ya san wannan. Laifin katako ne. Na ba mai shayi ya sa a wuta.

Uwar yara ta kalli idona da safe. Ta ƙara mini sukari.

Asabar, 20 ga Satumba

Mai a-kori-kura ya biyo, ba wanda ya gaya masa an fasa. Ya tsaya ya yi ham. Mai Faci ne ya fita ya ce masa mara lafiyar ya warke ya tafi aiki, in yana neman kaya ga tsofaffin tayu nan kyauta.

Shago a buɗe. Babu kowa a ciki sai ni. Na duba.

Talata, 23 ga Satumba

Wani ɗan kasuwa ya kawo nasa, jan nan, aiki iri ɗaya. Na tsaya ina kallonsa, na shiga, na fito. Sannan na leƙa ta katanga na ce wa Mai Faci in ba ya komai ya zo in gwada wani abu. Gwaji na ce.

Ƙafafunsa ba laifi, sun kai ƙasa. Matsalar baki ne. Yana kan babur yana ba ni labarin surukinsa, man yana ta rawa. Na ce sai ya yi shiru zai ji shi. Ya ce shi tunda aka haife shi bai taɓa jin komai a shiru ba. Amma ya yi. Ya daɗe kafin ya samu, ya fi Likita daɗewa. Da ya samu sai ya zaro ido ya yi ƙasa da murya ya ce, “Injiniya, dama abin da Dogo ke yi ke nan?” Na ce ya riƙe bakinsa kada ya kuɓuce masa.

Ya ce duk ranar da irin wannan ya shigo in buga katanga sau biyu. Ban ce to ba. Ban ce a'a ba.

Da yamma Likita ya biyo. Saniya ta haihu, babur lafiya. Ya ce su masu manyan babura suna da zaure a waya, mutane daga garuruwa da yawa, yana so ya rubuta musu abin da ya faru don wani ya tsira. Ya karanta mini abin da ya tsara. Wai “wani makanike a garinmu”. Wani makanike.

Na ce ya goge. Na ce ya fara rubuta cewa aikin nan na mutum biyu ne, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, kuma na saman ba zama kawai yake ba. Wannan don kada wani ya shiga ƙarƙashin tirela ne, ba don komai ba. Sannan ya rubuta wanda ya gano. Ni na gano. Ba na'ura, ba babban birni.

Ya rubuta sunan da ake kirana da shi. Na ce ya ƙara na mahaifinmu a baya. Ya ɗago ya ce bai taɓa jin ina amfani da shi ba, shi a wurin Dogo kaɗai ya san wannan sunan, a katin asibiti da ya taɓa taya shi karɓa. Na ce masu irin sunana sun yi yawa a garin nan, kada a ba wani aikina.

Ya tsaya yana kallona. Na ce me yake jira, hannunsa ne ya gaji?

A rubuta shi cikakke, duka biyun, da manyan baƙaƙe. Kuma in gani da idona kafin ya tura.